Gyaran keke da kanka a gida: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da kusan duk wanda ya fara taɓa kekensa da kansa sai ya yi su, na haɗa su waje ɗaya dan a huta da maimaitawa. Keke inji ne da komai nasa a fili yake, in ka cire boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da wili da feda ke juyawa a kansu, ba abubuwa da yawa ne ke ɓoye cikin murfi ba, dan haka yawancin matsala ana ganinta da ido tun kafin a ɗauko sifana.

Ban taɓa riƙe sifana ba, anya zan iya kuwa?

Zaka iya mana. Ka fara da faci, sa mai a sarƙa, saita sirdi da birki, waɗannan huɗun su ne mafi yawan abinda keke zai nema a wajenka. Abu ɗaya dai, kafin ka kwance komai ɗauki hotonsa da waya, kuma duk abinda ka cire ka jera shi a kan tsumma bi da bi yadda ya fito, saboda washa ɗaya in ta koma inda ba nata ba sai ka wuni kana neman inda ƙara ke fitowa.

Wane kayan aiki zan fara mallaka?

Kar ka sayi babban akwatin kaya tun yanzu, rabinsu bazaka taɓa amfani da su ba. Famfo mai kyau, in da hali mai agogon auna iska. Libar taya guda 2 ko 3, faci da sholisho da ɗan samfefa. Alanki mai lamba 4 da 5 da 6, su ne suka fi aiki a kekunan zamani, sai sifana 8 da 10 da 15, ita 15 ɗin ta feda ce da notin wili. Sukudireba mai baki da mai tauraro, filaya, tsohon burushin haƙori, tsumma, giris da man sarƙa. Sauran irinsu abin yanke sarƙa ko makullin sufok, wato siraran ƙarafan nan da ke riƙe da rim, sai ranar da aikinsu ya taso.

Sifana mai daidaitawa tana da amfani amma ita ce ta fi cinye kan noti, in baka matse bakinta sosai ba sai ta zame ta mayar da notin zagayayye, daga nan kuma an shiga wata rigima.

Oga, taya ta sace. Ya ake faci mai riƙewa?

Ka sace sauran iskar gaba ɗaya, ka tura gefen tayar zuwa tsakiyar rim ko'ina a zagaye, nan ne ramin rim ɗin ya fi zurfi kuma shi ke baka sarari. Sa liba ka ɗago gefe ɗaya kawai, zaro tib ɗin, ka bashi iska ka saurara ko ka nitsa shi a ruwa kaga inda kumfa ke fita. Yi alama. Goge wajen da samfefa har ya daina sheƙi, faɗin wajen ya fi facin girma, ka shafa sholisho siriri sannan ka jira kamar minti 5 har ya bushe ya daina ƙyalli.

Wannan jiran shi ne inda mutane suke faɗuwa, gani suke gam ai da ɗanyensa yake kamawa, to shi sholisho ba haka yake ba, in ka ɗora faci yana jiƙe zai ɗago ko da ba yau ba. Bayan ya bushe ka ɗora facin ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe, kar yatsanka ya taɓa fuskar da zata manne.

Wajen mayarwa ka ɗan sa wa tib iska kaɗan ya yi siffa, ka fara da bawul, ka mayar da tayar da hannu. In ka sa sukudireba a nan to kusan tabbas ka sake huda tib ɗin da kanka. Kafin ka cika iska zagaya ka leƙa ka tabbatar tib bai maƙale ƙarƙashin gefen taya ba.

Na yi facin, washegari ta sake sacewa

To abinda ya huda ta yana nan bai fita ba. Bi cikin tayar da tsumma ko yatsa a hankali, ƙaya ko kwalba ko siririyar waya tana iya zama a cikin roba ba'a ganinta daga waje. Kuma inda hudar take a jikin tib yana gaya maka labari: in ta waje ce wani abu ne ka taka, in ta ciki ce ɓangaren rim to robar da ke rufe kan sufok ta goce ko ta yage, in kuma huda biyu ne a jere kusa da juna to iska ce tayi kaɗan ka daki rami ko dutse, rim ya matse tib ɗin. In a gindin bawul ne manta da faci, sabon tib kawai.

Amma in sai bayan sati ɗaya ko biyu kaga ta ɗan yi laushi wannan ba faci bane, roba dama tana sakin iska sannu a hankali.

Famfona ya ƙi shiga bawul ɗin

Bawul iri 3 ne. Akwai Schrader mai kauri irin na mota, akwai Presta siriri mai ɗan noti a kai wanda sai ka kwance shi ka ɗan danna kafin iska ta shiga, akwai kuma Dunlop da ake samu a manyan kekuna irin na da. Sunan na ukun daga John Boyd Dunlop ne, likitan dabbobin da ya fito da tayar keke mai iska a 1888 a Belfast. Tsohon samfurin Dunlop yana da 'yar siririyar roba a ciki, in ta tsufa ta tsage taya zata dinga sacewa alhali tib lafiya lau yake, mutum yayi ta neman huda babu. Tofa ɗan yawu a bakin bawul, in yayi kumfa ka gano. Yawancin famfuna na yanzu suna da baki biyu ko kuma ana juya robar cikin kansu.

Lambobin nan na jikin taya me suke nufi? Na sayo mai 26 amma ta ƙi shiga

Wannan ya rikita mutane da yawa, saboda "26" ba girma ɗaya bane. Ka nemi wata lamba mai kama da 37-622 ko 50-559, ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma faɗin da'irar rim inda taya ke zama, ita ta biyun ce dole ta yi daidai. Taya 26 ta keken hawan dutse 559 ce, amma 26 x 1 3/8 kuma 590 ce, bazasu taɓa shiga rim ɗaya ba. Haka 28 x 1 1/2 ta manyan kekuna irin na da 635 ce, ita kuwa 700C da 29 duk 622 ne, 27.5 kuma 584. Ka rubuta lambar a waya kafin ka fita saye, ko ka tafi da tsohuwar.

Iska nawa zan sa?

An rubuta a gefen tayar, da PSI ko bar, bar ɗaya wajen PSI 14.5 ne. Kar ka wuce na sama. Siraran tayoyi suna son iska da yawa, masu faɗi kaɗan, mai nauyi ko mai ɗaukar kaya ya ƙara musamman a ta baya.

Zan iya zuba baƙin mai a sarƙa?

In babu komai a hannu sabon man inji ya fi sarƙa busasshiya, wannan gaskiya ne. Amma wanda aka juye daga mota a'a, cike yake da dattin ƙarfe. Matsalar mai mai kauri shine yana kwasar ƙura, ƙura da mai in suka haɗu sai su dinga cin sarƙar da haƙoran farantan da take hawa tare. Giris ma ba na sarƙa bane, baya shiga ciki inda ake buƙatarsa, a waje yake tsayawa yana tara datti. WD-40 na gwangwanin nan kuma ya fi dacewa da sassauta tsatsa da wanki, baya daɗewa a sarƙa.

Yadda ake yi: goge sarƙar da tsumma, in tayi baƙi ƙirin ka wanke da kananzir da burushi ka bari ta bushe, sai ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa kana juya feda baya, ka bashi 'yan mintuna ya shiga, sannan ka goge na waje tas. Eh, ka goge. Man da kake gani yana sheƙi a waje ba aikin da yake yi.

Sarƙata tana yawan faɗuwa, wani lokacin kuma tana tsalle in na taka da ƙarfi

Abu biyu ne daban. In kekenka mara giya ne kuma sarƙa na faɗuwa to ta saki ne, sassauta notin wilin baya guda biyu, ja wilin baya, ka tabbatar yana tsakiyar firam bai karkata ba, ka ɗaure. Ka bar mata ɗan wasa kamar santimita 1 sama da ƙasa, kuma ka juya feda ka gwada a wurare da yawa domin faranti ba ya zama zagayayye ɗari bisa ɗari, akwai inda zata fi tsauri, a nan ake aunawa.

Tsalle kuwa yawanci tsufa ne. Ana cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen bai miƙe ba, 'yan sandunan cikin gaɓoɓin ne suka cinye sai tsawon ya ƙaru. Kowace gaɓa rabin inci ce, dan haka in ka ɗora rula daga tsakiyar fin ɗaya, a daidai inci 12 ya kamata ka tarar da tsakiyar wani fin. In ya wuce da 1/16 na inci, wato wajen milimita 1 da rabi, canja sarƙa. In ya kai 1/8 to da wuya farantan baya basu cinye ba su ma, sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora tsallen zai ma fi na da. Shi yasa canja sarƙa da wuri yake ceton sauran kayan.

Wajen saye ka ƙirga farantan bayanka. Mai 6 da 7 da 8 sarƙa ɗaya suke amfani da ita, daga 9 zuwa 12 kowanne da tasa, tana ƙara sirancewa. Ta keke mara giya kuma ta fi duka kauri.

Birki sai na matse har ya taɓa hannun keke kafin ya kama

Duba robar birkin tukuna, in layukan jikinta sun shafe to ta ƙare, ba saiti take so ba. In da saura, akwai ɗan maɗauri a inda waya ke shiga hannun birki, juya shi waje da yatsa, wayar zata ƙara tsauri, sai ka ɗaure ɗan zoben da ke riƙe shi. In ya kai ƙarshe bai isa ba ka mayar da shi ciki, ka sassauta notin da ya riƙe wayar a ƙasa ka ja ta kaɗan ka ɗaure. Mai birkin sanda irin na da shima haka ne, akwai noti a jikin sandar da ake sassautawa a ɗaga a ɗaure.

Robar ta zauna a kan rim sosai, kar ta taɓa taya ko kaɗan, in tana gogar taya zata yanka gefenta wata rana ta fashe kana tafe. In ɓangare ɗaya ne ke gogar rim, a birki mai dogayen hannuwa biyu akwai ɗan sukuru a gindin kowane hannu, ɗaure na ɓangaren da ke gogawa kwata ɗin juyi ka matsa birki ka gani, ka ƙara in bai isa ba. Waya kuma in ta fara tsinkewa ko da zare ɗaya ne canja ta, ba'a lallaɓa wayar birki.

To kukan da yake yi fa, kunya yake bani a hanya

Wanke rim da robar, ka ɗan goge fuskar robar da samfefa, ka cire duk wani ɗan ƙarfe da ya nitse a ciki. In bai daina ba ka saita robar yadda gabanta zai riga bayanta taɓa rim da kamar milimita 1, sa ɗan kwali tsakanin rim da ƙarshen robar na baya ka matse birki ka ɗaure notin a haka.

Nawa birkin faifai ne, shima haka?

A'a. Babban abokin gabarsa mai ne, ko maiƙon hannunka kar ya taɓa faifan, in zaka fesa wani abu a sarƙa ka rufe shi. In yana gogawa sassauta kusoshi biyun da suka riƙe kan birkin, matse birki ka riƙe, ka ɗaure su a haka, sau da yawa shikenan. In mai amfani da ruwan mai ne kar ka matsa hannun birki alhali wili yana waje, zai haɗe ya ƙi buɗewa. Kuma man nasu iri biyu ne, Shimano na amfani da man minaral, wasu kuma DOT, an rubuta a murfin, in ka zuba wanda ba nasa ba robobin ciki zasu lalace. Fatar birkin in ta rage ƙasa da milimita 1 a canja.

Giya ta ƙi shiga daidai, sai ƙarar kaca-kaca. In juya sukurun nan biyu na jikin diraila, wato abin da ke matsar da sarƙa daga faranti zuwa faranti?

Dan Allah kar ka fara da su. Kowa hannunsa can yake fara zuwa saboda su ne a fili, alhali aikinsu kawai iyaka ne: mai alamar H yana hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin faranti, mai L yana hana ta wuce babban faranti ta shiga cikin sufok. In sarƙarka bata faɗuwa ta ɗayan ɓangarorin nan to lafiyarsu ƙalau, bar su.

Abinda ke kawo ƙarar yawanci tsaurin waya ne. Ɗaga wilin baya, ko ka rataye keken ta sirdi, sa sarƙa a ƙaramin faranti, danna giya sau ɗaya kana juya feda. In tana jinkirin hawa babba wayar ta saki, juya ɗan maɗaurin da ke inda waya ta shiga diraila zuwa waje, kishiyar tafiyar agogo, rabin juyi. In kuma saukowa ƙarami ne take jinkiri to ta yi tsauri, mayar da shi ciki. Rabin juyi, gwada, rabin juyi, gwada, kana ƙirgawa a ranka dan ka iya komawa inda ka taso in abin ya ƙara lalacewa.

In hawa da sauka duk suna jinkiri to wayar ce tayi datti ko tsatsa cikin bututunta. In kuma ka saita wasu giyoyin sun yi daidai wasu sun ƙi, tsuguna ta bayan keken ka kalli dirailar, in ta karkata ciki to ɗan ƙarfen da take rataye a jiki ne ya lanƙwashe, wanda yawanci faɗuwar keke ta ɓangaren dama ke jawowa. Wannan ba juyin sukurun da zai gyara shi, kuma yana da haɗari domin yana iya tura dirailar cikin wili.

Fedar hagu ta ƙi kwancewa duk ƙarfina

Ɗaure ta kake yi. Tiredin fedar hagu, wato layukan jikin ƙarfen da ake murzawa a ɗaure, a juye yake, an yi shi haka ne dan kar ta kwance kanta in ana tafiya. Hanya mai sauƙin tunawa: ka sa sifana ta miƙe sama, ka tura ta wajen bayan keke, a haka duka fedojin biyu suke kwancewa. Akwai L da R a jikinsu kar ka musanya, ka shafa giris a tiredin, kuma ka fara ɗaurawa da yatsa. Duk abin da ya ƙi shiga da yatsa a juyin farko to a karkace ya hau, in ka tilasta shi da sifana ka kashe tiredin hannun feda.

Wilina yana rawa hagu da dama

Juya shi ka kalli tazararsa da robar birki, inda ya matso ka yi alama. Sufok rabi suna ja dama rabi hagu, to in rim ya karkata dama ka ɗaure na hagu a wajen ka ɗan sassauta na dama, kwata ɗin juyi kacal a kan guda biyu ko uku, ka sake juyawa ka duba. Abin da ke ruɗa mutane shine ɓangaren juyawa, in kana kallo daga wajen taya ɗauri irin na kowane noti ne, in daga ciki kake kallo sai ya zama kamar a juye. Aiki ne mai son haƙuri, kuma gara ka tsaya a "ya daina taɓa birki" da ka ce sai ya miƙe sak, masu neman sak a ranar farko su ne ke ƙarewa da wili mai tsalle sama da ƙasa. In rim ɗin ya lotse saboda duka ko sufok suna ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya wuce saiti.

Ina jin ƙwas-ƙwas amma na rasa daga ina

Bi su ɗaya-ɗaya. Kama wili ka girgiza shi gefe da gefe, in yana motsi boris ɗin tsakiyarsa sun saki. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya hannunka ɗaya a wuyan keke, in kaji bugu to na wuya ne. Kama hannun feda ka ja shi waje da ciki, wannan na gindin feda ne. In ƙarar tana ɓacewa idan ka miƙe tsaye kana takawa to sirdi ne ko sandarsa, ciro ka goge ka sa giris.

Boris na wili in zaka buɗe ka shimfiɗa tsumma a ƙasa domin zubowa suke su gudu. Yawanci na baya 9 ne kowane gefe masu girman 1/4 na inci, na gaba 10 masu 3/16, ka ƙirga naka dai. Ɓangare ɗaya kawai ake kwancewa, a wanke, a cika giris, a ɗaure daidai inda wasa ya ɓace amma wili na juyawa sumul. Wajen nan siraran sifanu yake so, ta gama-gari bata shiga.

Gwiwata na ciwo in nayi tafiya mai nisa, daga keken ne?

Sau da yawa sirdi ne yayi ƙasa. Zauna ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak, kaga in ka dawo da gaban ƙafa gwiwa zata ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Masu son lissafi suna auna tsawon cikin ƙafa, daga ƙasa zuwa inda cinyoyi suka haɗu, su ninka da 0.883, mai santimita 80 zai samu wajen 70.6 daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. In ƙugunka na rawa kana takawa to sirdin yayi sama da yawa. Akwai layi a jikin sandar sirdi da ke nuna iyakar fitowa, kar ya fito fili, firam na iya tsagewa. In ka gyara ciwon bai tafi ba kuma a ga likita.

Wane aiki ne zan haƙura in kai wa mai gyara?

Firam ko cokalin gaba da ya tsage ko ya lanƙwashe, kar ma ka hau. Ɗinka wili daga farko, fitar da iska daga birkin mai, cikin shokabzoba, da batir ko wayoyin keken lantarki. Sandar sirdi da ta manne da tsatsa ma in ka jiƙa ta da mai kwana biyu bata motsa ba ka daina dukanta da guduma. In kekenka na kabon ne zaka ga an rubuta wani abu kamar 5 Nm kusa da kusoshi, wannan iyakar ɗauri ce kuma sai da sifana mai auna ƙarfi, da hannu kawai mutum na iya fasa shi bai sani ba. Gindin feda kana iya koya daga baya, amma kowane samfuri da makullinsa, kuma a mafi yawan kekuna ɓangaren damansa ne tiredinsa yake a juye, kishiyar abinda ka koya a feda, dan haka ka tabbatar da irin naka kafin ka sa ƙarfi.